Jiƙon Gwaggo da Ƙwayar Yaya

Akwai wata mota da take tsayawa a bakin layinmu duk ranar kasuwa, an ɗaura mata lasifika a ka. Tun da hantsi mai ita zai fara: maganin suga, maganin hawan jini, basir, sanyin ƙashi, gyambon ciki, duk a cikin gorar roba guda. Ina zaune a ƙofar ɗakina a gidan ɗana, nan cikin Daura, ina jin muryarsa har tsakar kaina. Matan unguwa su aika a sayo musu, su zo su jera gorar kusa da ledar ƙwayoyin da suka karɓo daga asibiti, su haɗiyi wannan su kora da wancan. Ba wadda ta san mai motar, shi ma bai san kowa ba. Bai duba idon mai ciwo ba, bai tambayi abin da ta ci ba, kafin la'asar ya naɗe kayansa ya yi gaba. Idan na yi magana sai su yi dariya su ce, "Haba Hajiya, ai ganye ne kawai." Ba na ja da su. Sai dai duk lokacin da na ji an ce ganye ne kawai, sai in ji ni a tsakar gidanmu na ƙauye, rana tana tsaka, ubana yana kwance a kan tabarma.

Ƙauyenmu yana can gefen Sandamu, an ɗan saki hanya. A lokacin da na tashi, daji ne ya kewaye mu, ba gonaki kaɗai ba. Akwai marke, akwai maɗaci, akwai ƙirya da hano, sabara kuwa har bakin danga. Da kunne muke sanin lokaci. Ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, ka san gari ya waye. Luguden mata ya tashi daga gida zuwa gida, ka san an fara sussuka. Kurciya ta yi ta kuka a kan gawo, ka san rana ta take. A cikin duk waɗannan akwai wani sauti da babu irinsa a ƙauyen, wato na ƙaramin turmin Gwaggo. Ba ya amsawa kamar turmin hatsi, a hankali yake tafiya, ƙwas, ƙwas, sai ya yi shiru tana shinshina abin da ta daka, sannan ya ci gaba.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, saboda haka har gemunsa ya yi fari ba ta daina ce masa Auta ba. Da mijinta ya rasu ba ta haihu ba, sai Baba ya je ya ɗauko ta, ya yanka mata sashe a gidanmu. Da Inna ta haifi ɗan fari, wato Yaya, ana yaye shi aka miƙa wa Gwaggo. A ɗakinta ya girma, a bayanta ya yi barci, ita ta yi masa guzuri ranar da zai tafi makarantar kwana. Inna ko sunansa ba ta kamawa don kunya, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. In ana maganar uwar Yaya, Gwaggo ake nufi.

Ni ce nake riƙe mata kwando idan za ta shiga daji. Ba ta sassaƙe itace sai ta yi bisimilla, kuma ba ta zagaye shi da gatari. Ta ɗan ɗiba ta gabas, ta ɗan ɗiba ta yamma, ta kwaɓa ƙasa ta shafe wurin. Idan ta tono saiwa sai ta mayar da ƙasar ta danne da ƙafa. Ta kan ce mini, "Uwata, wannan itacen ya girme ni, ya girmi ubanki. Roƙonsa muka zo yi." Uwata suke kirana ita da Baba, domin sunan mahaifiyarsu na ci. In muka dawo sai mu shanya sassaƙe a kan rufin rumbu, gidan ya ɗauki wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci wanda har yau ban ƙara jin irinsa ba. Mata su zo da yara masu zazzaɓi, masu haƙori, masu tari. Kafin ta taɓa tukunya sai ta zaunar da uwar ta yi mata tambayoyi har ta gaji. Yaushe ya fara? Yana cin abinci? Kashinsa fa? Daga ƙarshe ta ce, "Me kuka ba shi kafin ku zo?" Idan aka ce an ba shi wani abu daga wurin wani mai magani, sai ta mayar da murfin tukunyarta ta ce, "Ba na zuba magani a kan magani. Je ki, in wancan ya gama aikinsa ki dawo." Wasu su tafi suna gunaguni. Ba ta taɓa canzawa ba.

Na yi aure a wani gari ta wajen Mashi. Da cikina na fari ya tsufa aka mayar da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi. Ina shiga zaure na ga Baba, na kusa wuce shi. Mutumin da yake ɗaukar damin gero shi kaɗai ya ɗora a ka, ga shi riga tana yawo a jikinsa. Buta ba ta rabuwa da hannunsa. Ya sha ruwa kamar wanda ya fito daga sahara, bai jima ba ya zaga bayan gida, ya dawo ya sake neman ruwa. Inna ta raɗa mini cewa duk inda ya yi fitsari sai kiyashi sun taru.

Yaya a lokacin yana koyarwa a wata makarantar firamare a Daura. Shi ya zo ya matsa, ya ɗauki Baba ya kai shi asibiti. Suka dawo da sunan ciwon, wanda a ƙauyenmu ba a saba jinsa ba, ciwon suga, da wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a cikin 'yar takarda, da dokoki masu yawa. Yaya ya tsaya a tsakar gida yana faɗa da ƙarfi, yana kallon bango, don Inna ta ji ba tare da ya fuskance ta ba. Ban da sukari, ban da zuma, ban da rake, ban da dabino. Fura a rage, tuwo a rage. Ya ce likita ya ce zaƙi a wurin Baba guba ne, in ana son ransa kada a ba shi ko da ya roƙa. Inna tana tsugune tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, amma babu kalmar da ta faɗi ƙasa. Daga ranar ta zama mai gadin bakin Baba. Ko goro aka kawo masa sai ta duba.

Da Yaya zai koma sai ya ce wa Baba, "Baba, jiƙon Gwaggo a dakata da shi tukuna. A bar na asibiti ya yi aiki."

Baba ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka."

Bayan kwana kaɗan Gwaggo ta dawo daga daji da garafuni da sassaƙen maɗaci da wasu saiwoyi da ban san su ba. Ta jiƙa a wata sabuwar tukunya. Ta kira shi ɗakinta, ta tambaye shi irin tambayar da take yi wa kowa. Daga bakinta na ji wannan, bayan komai ya faru. Ta ce masa, "Auta, ƙwayar yaron nan, kana sha?" Ya ce, "Na bari. Jiri take sa ni." Ta ce, "Ka tabbata?" Ya ce ya tabbata. Sai ta cika masa ƙoƙo.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Baba ba maƙaryaci ba ne, duk ƙauyen an shaida. Amma mutum ne da bai iya mayar da hannun wanda ya miƙo masa abu ba. Ga ɗansa, da ya yi ɗawainiya ya kai shi birni, yana alfahari ya samo wa ubansa maganin zamani. Ga yayarsa, da ta tauna abinci ta sa masa a baki yana jariri, ta shiga daji da tsufanta dominsa. Wa zai ce wa a'a? Sai ya ce wa kowa to. Ƙwayar tana aljihun rigarsa, in ya dawo daga masallaci da safe ya haɗiye ta a zaure. Ya shigo ya gaida Gwaggo ya shanye ƙoƙonsa. Da ya koma asibiti aka tambaye shi ko yana shan na gargajiya, ya ce a'a, don ya ji yadda ake yi wa masu cewa e faɗa a gaban jama'a. Mu kuwa da muke gidan muna ganin yana shan jiƙo, muna kuma sane da ƙwayar, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. A gidanmu shan jiƙo kamar shan ruwa ne. Tunaninmu shi ne, in magani ɗaya yana da kyau, biyu sun fi.

Kuma da farko kamar haka ne. Ƙishirwar ta ragu, zagawar ta ragu, ya fara komawa gona. Yaya ya zo ya gani ya ce asibiti ba wasa ba. Gwaggo ta yi murmushi a ɗakinta ta ce maɗaci bai taɓa ba ta kunya ba. Baba yana tsakani yana yi wa kowa godiya. Wani lokaci da hantsi sai mu ga ya yi zuru, gumi ya tsatso masa a goshi, hannunsa yana ɗan rawa. In aka kawo abinci ya ci sai abin ya wuce. Muka ce gajiya ce.

Na haihu ana shirin girbin gero. Gidan ya cika da hidimar jego, ga tukunyar ruwan wanka tana tafasa da ganyen darbejiya safe da yamma, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji. Surukata ta aiko mini da zuma cike da ɗan tulu, ta saƙa, mai duhu, don a riƙa zuba mini a kunu. Tana ajiye a ɗakin Inna, inda nake kwance da jaririyata.

Ranar da abin ya faru, Baba ya yi sammako don yana son a gama yankan gonar fadama kafin tsuntsaye su ƙarasa ta. Inna ta dama masa koko ba sukari, ya kurɓa kaɗan ya ajiye, ya ce in ya dawo ya ci. Ya bi ta zaure, ya bi ta ɗakin Gwaggo, ya saɓi lauje ya fita. Rana ta kusa tsaka sai muka ji hayaniya a ƙofar gida. Maƙwabtan gonarsa ne suka riƙo shi, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Suka ce sun gan shi yana yankan iska inda babu gero, da suka yi masa magana ya zage su. Baba, wanda ko akuya bai taɓa zagi ba.

Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗakin Inna. Na fito da zanen jego a ƙirji. Rigarsa ta jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya, jikinsa kuwa sanyi ƙalau. Haƙoransa suna haɗuwa. Idonsa yana yawo, ya tsaya a kaina, ya wuce. Sai ya dubi Inna ya ce, da wata murya kamar ta yaro, "Yunwa. Ba ni zumar nan."

Inna ta ce, "Malam, ka san an hana ka."

Ya ce, "Kaɗan. Don Allah. Lakata ɗaya."

Ya miƙa hannu wajen ƙofar ɗakin, yana jan jiki. Inna ta tashi ta tare ƙofar da jikinta, hawaye yana zuba, tana cewa, "Ka yi haƙuri, Malam. Ciwon ne yake sa ka. In na ba ka na kashe ka." Ta juya ta ce a ɗora tukunya maza a yi masa tuwon dawa, shi ne ba a hana ba. Aka hau hura wuta. Tuwo kuwa ba ya nuna don ana sauri.

Gwaggo ta zo da gudu irin na tsofaffi, ta durƙusa ta taɓa goshinsa, ta buɗe idonsa. Ta ce zaƙin ne ya taso masa gaba ɗaya, tunda ga shi har yana neman zuma. Ta koma ta ɗebo jiƙon, ta tallafi kansa a cinyarta, tana ɗura masa tana cewa, "Sha, Auta, sha, yanzu zai kwanta." Ya haɗiyi wani, wani ya zubo ta gefen baki. Mazan da suka kawo shi suka ce ba ciwo ba ne wannan, akwai tsohuwar tsamiya a bakin fadamar, kuma da rana tsaka ya bi ta ƙarƙashinta. Aka kira liman, aka kawo garwashi aka zuba turare, aka yi ta karatu a kansa. Kowa a tsakar gidan nan yana yin iyakar abin da ya sani, kowa yana son sa. Baba ya daina roƙo. Ya fara wani irin minshari, jikinsa ya sanƙare ya saki, ya sake sanƙarewa. Da tuwon ya nuna, babu bakin da za a sa shi.

Sai da aka yi azahar sannan aka yanke shawarar a tafi Daura. Aka ɗaura wa shanu amalanke, Gwaggo ta hau ta rungume kansa, ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba. Daga bakin hanya suka jira mota. Ni da Inna muka tsaya a ƙofar gida har ƙarar ƙafar amalanken ta ɓace.

Abin da ya faru a asibiti Yaya ne ya ba ni labari, bayan shekaru. Ya ce da aka kira shi daga makaranta ya tarar har an ɗibi jinin Baba, an yi masa allurar ruwan suga a jijiya, an ɗaura masa wani. Ya yi tsammanin kuskure aka yi, ya ce wa malamin asibitin, "Mai ciwon suga ne fa!" Malamin, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce, "Na sani. Sugan ba hawa ya yi ba, sauka ya yi har ya kusa ƙarewa. Ya ci abinci yau? Ban da ƙwayarmu, me yake sha?"

Yaya ya ce ba ya shan komai. Gwaggo tana rakuɓe a jikin bango, ba ta taɓa shiga asibiti ba sai ranar, ta ce, "Wace ƙwaya? Ai ya bar ƙwaya tuntuni. Jiƙona yake sha."

Yaya ya ce shi da ita suka dubi juna. Malamin ya laluba aljihun rigar Baba ya fito da 'yar takardar, saura ƙwaya kaɗan a ciki. Bai yi wa Gwaggo tsawa ba. Ya jawo mata kujera, ya tambaye ta abin da ta jiƙa, ta lissafa masa, yana gyaɗa kai. Da ta gama sai ta ce, "Ɗana, faɗa mini gaskiya. Maganina ne ba shi da kyau?"

Ya ce, "Iya, maganinki yana aiki. Yana sauke suga. Namu ma yana saukewa. Su biyun suka taru a kansa, ga ciki babu abinci, ga aikin gona. Da mun san yana shan naki da mun san yadda za mu yi. Da kin san yana shan namu, na san ba za ki ba shi ba."

Ta ce, "Na ƙara masa da rana. Da hannuna."

Malamin ya juya ya duba ruwan da aka ɗaura wa Baba. Gwaggo ta gaya mini daga baya cewa da ya ce mata maganinta banza ne, ruwan ɗaci ne kawai, da ta fi samun sauƙi.

Baba ya farfaɗo, amma ba duka ba. An ce ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin suga na tsawon lokaci, kuma shi ya daɗe. Mutumin da aka dawo mana da shi yana tafiya, yana cin abinci in an ba shi, yana murmushi. Bai san gonarsa ba. Bai san hanyar masallaci ba. Fatiha tana nan a bakinsa, sunayenmu kuwa sun tafi. In na zauna kusa da shi da jaririyata sai ya kama bakin zanena ya ce, "Uwata, yaushe za mu tafi gida?" Da can in ya ce mini Uwata wasa ne, da dariya a idonsa. Yanzu da gaske yake.

Ranar da aka sallamo shi, Yaya ya so ya ɓoye wa Inna maganar zumar, amma babu hali, domin ita za ta yi jinya kuma an ba shi saƙon da dole ya isar. Ya tsaya a inda ya tsaya wancan karon, yana kallon bangon nan dai. Ya ce an canza ƙwayar, an rage ta. Ya ce kada Baba ya ƙara fita bai ci abinci ba, kada a ƙara haɗa masa da wani magani sai an tambaya. Sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce in aka ga yana gumi yana rawar jiki yana sambatu, a yi maza a ba shi abu mai zaƙi.

Inna tana zaune a bakin murhu. A iya sanina ba ta taɓa yi wa Yaya magana kai tsaye ba tun da ta haife shi. Ranar ta ɗago ta dube shi ta ce, "Ko zuma?"

Ya ce, "Ko zuma."

Ta ce, "Da an ba shi a ranar fa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Inna ta tashi ta zuba dawa a turmi ta hau daka. Ba lokacin daka ba ne, akwai gari a gidan. Ta daka har ya yi laushi, ta ci gaba, har sai da maƙwabciya ta shigo ta karɓe taɓaryar daga hannunta.

Ba a yi faɗa a gidanmu ba. Da an yi, wataƙila da ya fi. Yaya ya riƙa zuwa duk ƙarshen mako, ya durƙusa a ƙofar Gwaggo ya gaishe ta, ta amsa, shi ke nan. Da can a ɗakinta yake sauka, ta ɓoye masa ƙuli-ƙuli da ƙwan zabi kamar har yanzu yaro ne. Yanzu a zaure yake kwana. Ba na jin yana ganin laifinta, ita ma ba ta ganin nasa. Kowanne in ya dubi ɗan'uwansa sai ya tuna da nasa hannun a ciki. Gwaggo da Inna suka raba jinyar ba tare da sun yi shawara ba, ɗaya ta yi masa wanka, ɗaya ta ba shi abinci a baki. Haka ya ga damina biyu. Ya rasu da rani, da safe, kansa a cinyar Gwaggo.

Ba ta fasa tukwanenta ba, ba ta yi rantsuwa ta daina ba. Abin a hankali ya mutu. A shekarun nan ne kantunan magani suka fara shigowa ƙauyuka, masu talla suna yawo da ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa. Mace ta zo da yaro, Gwaggo ta ce, "Me kuka ba shi?" Ta ce ba komai. Gwaggo ta dube ta ta daɗe, ta ce, "Wanda na goya a bayana ma haka ya ce mini." Sai matar ta sunkuyar da kai ta ce, to, an ɗan ba shi rabin ƙwaya jiya. Gwaggo ta ce ta kai shi inda aka san ƙwayar, ita ba ta san ta ba, ba ta san da me take faɗa ba. Kafin a jima babu yaron da ake kawowa wanda ba a riga an ba shi wani abu ba. Mata suka gaji da komawa hannu wofi, suka daina zuwa. Ƙaramin turmin ya koma na dakan yaji.

Ni a lokacin ina can gidan aure, haihuwa tana bin haihuwa. Kullum ina cewa in na samu sarari zan zo in zauna da ita, ta nuna mini saiwoyin nan ɗaya bayan ɗaya, abin da kowace take yi da abin da ba ta so. Da na samu sararin, idonta ya riga ya tafi, dajin ma ya tafi. An sare marken an yi gawayi, an sare ƙiryar an yi turame, gonaki sun haɗe da gonaki. Da ta rasu, Yaya ne ya yi mata sutura, ya shiga kabarin da kansa ya karɓe ta. Ya yi kukan da bai yi ba a mutuwar Baba.

Yanzu ga ni na kai shekarun da Gwaggo take da su a lokacin, kuma ciwon Baba ya same ni, gado ne. Ina shan ƙwayata, ina cin abincina a kan lokaci. Duk wanda ya kawo mini wani abu ya ce in gwada, ina yi masa godiya, in ce sai na tambaya, ko da ransa zai ɓaci. In na je asibiti ba na ɓoye ko ganyen zogalen da na ci. Yaran likitocin yanzu wasu suna saurare, wasu suna rubutu ba su ɗago ba. Ban ƙi na asibiti ba, shi yake riƙe da ni. Ban raina na gargajiya ba, na ga ƙarfinsa da idona, a ranar da ban so in gani ba. Abin da yake ba ni baƙin ciki shi ne, har yau masu wannan da masu wancan ba sa zama inuwa ɗaya, sai dai su haɗu a cikin cikin mara lafiya, shi kuwa ya yi shiru don kunya.

Bara aka kai ni ƙauyen ta'aziyya. Da aka natsa na ce wa jikata ta riƙe ni mu taka zuwa fadama. Babu tsamiyar, babu gawon, gidaje sun ci rabin gonar Baba. A gefen wata kunyar gona na hangi wani ɗan tsiro mai ganye sirara, ja-ja a gindi. Na tsaya. Na san shi. Na sha ganin Gwaggo ta durƙusa a gabansa, ta yi bisimilla, ta tono. Na tsinki ganye ɗaya na murza na kai hanci, ƙamshin yana nan yadda na san shi.

Jikata ta ce, "Hajiya, mene ne wannan? Maganin me yake yi?"

Na buɗe baki. Na tsaya ina kallonsa kamar fuskar mutumin da muka zauna unguwa ɗaya shekara da shekaru. Sunan bai zo ba. Na waiga wajen gari ina tunanin wa zan tambaya, na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya a raina, na ga duk ƙauyen babu wanda ya girme ni.

Na ce mata, "Mu koma, rana ta yi."